Katangar da Hazim Bai Adana Ba

"Mama, Teta Insaf aljana ce?"

Haka Rudaina ta jefo tambayar a tsakiyar cin abinci, bakinta duk yauƙin miyar mulukiyya, a gaban ita Hajja Insaf ɗin, wadda take kira Teta wato kaka, da ɗanta da mahaifiyata. Cokalina ya tsaya a hanya. Mama ta zungure ni da ƙafa ta ƙarƙashin tebur, sai ka ce ni na kitsa mata.

'Yan uwa, duk wadda ta haifi 'yar shekara biyar ta san irin wannan lokacin. Kya so ƙasa ta tsage ki shige, ƙasa kuwa ba ta tsagewa, sai dai ki yi yaƙe.

Ga waɗanda yau suka fara bina: sunana Rihab, shekarata ashirin da takwas. Mijina Midhat ya rasu a hatsarin mota a hanyar Dumyat shekara uku da suka wuce, ya bar min Rudaina. Ina da gidan renon yara a hawa na uku na gidan Hajja Insaf a nan Mansura, yara ashirin da biyu, malamai uku. Hazim ɗanta ne. Shagonsa na gyaran kwamfuta da haɗa layin intanet yana ƙasa, ɗakunansu na bayan shagon. Shi ke nemana da aure, kuma ranar Juma'ar nan an gayyace mu cin abincin rana ne don a tsayar da ranar karanta Fatiha, wato baiko. Tun safe Mama ta tasa ni gaba sai da na sa doguwar rigar nan mai launin ganyen zaitun, mai duwatsu a wuyan hannu, wadda ke kama labule duk inda na gifta.

"Rudaina! Wace irin magana ce wannan?"

"To ai ta bango take gani," ta faɗa tana lasar yatsa. "Ta ce min jiya na ɓoye burodina mai cuku a bayan akwatin kayan wasa. Ko Mis Duha ba ta gan ni ba. Kuma ta san na faɗo daga jan doki."

Hajja Insaf ta yi dariya har ƙirjinta na girgiza, ta ɗora wa yarinyar wani naɗin kabeji mai shinkafa. "Tsuntsu ne ke kawo min labari, 'yar gidana. Ci ki yi ƙiba, uwarki ta bar ki kamar tsinken tsire."

Kowa ya yi dariya, har da Mama, wadda tata ta fi ta kowa ƙarfi. Ni ban yi ba. Shekara biyu ke nan gwiwar Hajja ba ta bar ta ta taka matattakala ba. Akwatin kayan wasan nan kuwa yana lungun da ba wanda ke hangensa sai ido ɗaya: kyamara ta huɗu.

Na ɗago na dubi Hazim. Uwarsa yake kallo, gira a haɗe, kamar wanda ake wa lissafi da yaren da bai iya ba. Sannan ya juyo gare ni. A idona na ga jinin fuskarsa ya gudu.

An tsayar da Alhamis. An sha shayi da basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi. Ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba.

Muna fitowa titi, kafin ma mu wuce mai sayar da ruwan rake, Mama ta damƙi hannuna. "Na san fuskar nan. Kul! Kul na ce miki, Rihab."

"Mama, kin ji abin da yarinyar ta ce."

"Na ji surutun yara. Ke bazawara ce da 'ya a hannu, mutum mai sana'a, mai salla, bai taɓa aure ba, ya ce ke yake so da 'yarki. Uwarsa ta rungume ki. Me kike nema kuma, wahayi? In ma tsohuwa ta leƙa, ido ne, ba ya cin nama."

"Ba ni kaɗai ce a sama ba."

"To kuma ba ke kaɗai ce za ki tsufa a ɗakina ba? Ki rufa mana asiri zuwa Alhamis, bayan nan ki yi ta binciken naki."

In Mama ta fara, ko liman ba ya tsayar da ita.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane abin da ya hana ni cin basbusa.

Kafin in zama mai share majinar yara, aikin layin kwamfuta na karanta, kuma shekara biyu ina bin Midhat ofis-ofis muna haɗa wa mutane. Saboda haka da na yanke shawarar sa kyamarori wata huɗu da suka wuce, ni na zana tsarin da hannuna a bayan takardar jadawalin abinci, Hazim ya ɗauka ya aiwatar. A lokacin maƙwabci ne kawai, muna gaisawa a bakin ƙofa.

Akwai wani akwati da muke kira suwic, mai ramuka ashirin da huɗu, duk kebul ɗin gidan a jikinsa yake ƙarewa. Idan aka bar shi yadda ya zo daga kanti, tamkar falo ɗaya ne babba, duk na'urar da ke ciki tana ganin 'yar uwarta. Amma ana iya gina katanga a cikinsa a raba shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da lambarsa. Shi ne VLAN. Na ce ɗaki na goma na kwamfutar ofis ne, na ashirin na kyamarori shida da na'urar da ke naɗar hotonsu, na talatin na wayfay ɗin malamai.

Intanet kuwa daga shagon Hazim yake hawowa, ta kebul guda ɗaya tal da ya bi bangon matattakala daga suwic ɗinsa zuwa rami na ashirin da huɗu a nawa. Kebul ɗaya, kayan ɗakuna da yawa. Irin wannan shi ake kira tirank: duk saƙon da zai bi ta cikinsa sai an manna masa lambar ɗakinsa, kamar ƙunshin da ake ba direban tasha da suna a jiki, in ya isa ƙasa a kai shi inda lambar ta ce. Kuma kana iya gaya wa ramin waɗanne lambobi ne ka yarda su wuce. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan a takardar: goma da talatin su sauka. Ashirin ba ya sauka har abada. Hoton kyamara a allon ofishina zai tsaya, ba waya, ba nesa.

Ba don iyayi na yi haka ba. Mis Duha, babbar malamata, niƙabi take sawa. Sai ta shigo ta rufe ƙofa take cirewa ta rataye a ƙusa, don mu duka mata ne. Ranar da aka zo da kwalayen kyamarori ta tsaya a kaina ta ce, "Mis Rihab, wa zai gani?" Na dafa ƙirji na ce, "Ni kaɗai." Abin da na gaya wa iyaye mata ashirin da biyu ke nan a taro, ina kallon idonsu. Mace ba ta miƙa miki ɗanta da ƙarfe bakwai na safe don fentin bangonki ya burge ta. Maganarki ta riƙe.

Bayan la'asar ranar Juma'ar saƙonnin Hazim suka fara shigowa.

"Rihab, na duba tabulet ɗin Mama."

"Wallahi tallahi ban sani ba."

"Don Allah ki ɗaga waya."

"Na karɓe shi na kashe. Tana fushi da ni."

Na karanta duka, ban ba da amsa ba. Ba fushi ne ya hana ni ba, ko in ce ba fushi kaɗai ba. Midhat yakan ce, kada ki tambayi mutum abin da akwati zai iya gaya miki. Mutum yana jin kunya, akwati ba ya ji.

Asabar ba ma buɗewa. Da hantsi na bar Rudaina wurin Mama, na sa tsohuwar rigata ta aiki da baƙin mayafi, na jawo jakar Midhat daga saman kwaba. Shekara uku ban buɗe ta ba. Shuɗin kebul ɗinsa na nan a naɗe yadda ya saba naɗe shi, da 'yar robar gashina da ya sata yana ɗaurewa. Na zauna a bakin gado na ɗan jima, sannan na tashi.

Suwic ɗin yana cikin wata 'yar kwaba a bayan ƙofar shiga, sama da inda yara ke jera takalma. Na jawo kujerar yara, 'yar shuɗiya, na zauna gwiwoyina kusan a haɓa, na jona kebul ɗin da laftof. Na tambayi akwatin ɗakuna nawa ne a cikinsa.

Ɗaya.

Ɗaki mai lamba ɗaya, wanda yake zuwa da shi daga kanti, ramuka ashirin da huɗu duka a ciki. Ba goma, ba ashirin, ba talatin. Na duba ma'ajiyarsa, inda yake karanto tsarinsa duk lokacin da ya tashi. Wayam, ko harafi babu.

'Yan uwa, akwatin nan yana da hali ɗaya da duk ɗan koyo ya sani. Duk abin da ka rubuta masa yana aiki nan take, amma a ka yake riƙe shi. Sai ka ba shi umarni ɗaya na ƙarshe, ka ce adana, sannan yake rubutawa inda ba ya gogewa. In ba ka yi ba, ranar da aka ɗauke wuta zai farka kamar jariri. Mu kuwa a bazarar nan kullum sai an ɗauke ta awa biyu.

Ke nan tun washegarin ranar da aka haɗa, katangata ta rushe. Wata huɗu ina yawo a cikin gidan da ba bango, ina ce wa mutane ni kaɗai.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hazim ne, da rigar jiya a jikinsa, idanu ja. Ya tura ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, ya sa takalmin wani yaro ya tokare ta, shi kuma ya tsaya a waje kan matattakala, don kada wani ya ce an gan mu mu biyu a ɗaki. Ko a wannan halin bai manta ba. Na lura, kuma na ji haushin kaina da na lura.

Na juya masa allon. "Bashmuhandis, ka adana?"

Tun da aka fara maganar aure ban ƙara kiransa da wannan sunan aiki na babban injiniya ba. Ya ji shi kuwa har ƙashi. Ya sunkuyo ya karanta, ya daɗe yana karanta abin da bai wuce layi uku ba.

"Na gina su," ya ce a hankali. "Duka ukun. Na gwada, sun yi aiki. Ke ma kin gani."

"Na gani. Ba shi na tambaya ba."

Ya dafe goshi da hannu biyu. Can ya ce, "Shayin."

"Wane shayi?"

"Ina kan layi na ƙarshe kika kawo min shayi da na'ana'a a kofi mai hoton agwagwa. Sati uku ina haddace maganar da zan gaya miki, sai kawai ta kuɓuce. Na ce ina so in zo in ga mahaifiyarki. Cokali ya faɗi a hannunki. Ni kuma..."

"Ka fizge kebul ka gudu," na ƙarasa masa. "Ko shayin ba ka sha ba."

Wallahi da ba don abin da ke gabana ba, da na yi dariya har na faɗo daga kujerar. Mutumin da ya haɗa layin asibitoci masu hawa biyar, kofin agwagwa ya kayar da shi. Amma na tuna niƙabin Duha a rataye a ƙusa, dariyar ta koma.

"Tabulet ɗin fa?"

"Da shi na daidaita fuskar kyamarorin ranar, allonsa ya fi faɗi. Manhajar ta zauna a ciki da kalmar sirri. Na ce ai ba komai, ɗaki na ashirin ba ya saukowa."

"Kuma ka bar naka gefen yana karɓar duk saƙon da ya zo ba lamba, yana zuba shi a ɗakin wayfay ɗin gidanku. Shi ya sa intanet ɗina bai taɓa yankewa ba. Da ka toshe wannan, ranar da katangar ta faɗi komai zai mutu, in kira ka da masifa, mu gane a yini ɗaya."

"Haka ne."

"Ban da tabulet ɗin, kuskure biyu ke nan."

"Uku," ya ce. "Ban dawo na duba ba. Kunyar hawowa nake ji."

Ni ma ban duba ba. Na iya, ina da kebul ɗin a saman kwaba, amma na ce ai Hazim ne. Wannan na huɗun nawa ne, ban faɗa masa ba, amma ga shi ina faɗa muku.

Na shiga ofis na buɗe littafin na'urar naɗar hoto, inda take rubuta duk wanda ya shigo kallo. Na bi shi layi-layi har ƙasa. Na'ura ɗaya ce tal, kullum ita, daga tara na safe zuwa kiran azahar. Ba baƙuwa ko ɗaya. Na kifa kaina a tebur na yi hamdala sau uku.

"Sauka ka buɗe naka," na ce masa. "Tirank kai biyu ne, in na gyara nan ba ka gyara can ba, aikin banza ne. Ka kira ni."

Ya sauka da gudu. Na sa wayar a kan kabad ɗin takalma, muryarsa na fitowa.

Da kyamarori na fara. Na gina ɗaki na ashirin, na kwashe ramukansu shida da na na'urar naɗar na zuba a ciki. Sannan goma, sannan talatin. Ramukan da ba kowa a kansu na kashe su ɗaya bayan ɗaya, kada wata rana wani ya cusa kebul ya tsinci kansa inda bai kamata ba. Sai na zo kan na ashirin da huɗu. Na mai da shi tirank, na rubuta masa goma da talatin kawai.

"Intanet ɗina ya mutu," na ce.

"Saura ni. Ga shi... goma, talatin. Marasa lamba fa, ina zan kai su?"

"Ka buɗe ɗaki na casa'in da tara, kada ka sa kowa a ciki. Ni ma haka zan yi. Duk saƙon da ya zo ba shaida ya je can ya zauna shi kaɗai."

"Kamar ni ke nan in kika fasa."

"Bashmuhandis, rubuta."

"Na rubuta, ranki ya daɗe."

Fitilar ramin ta koma ƙyaftawa. Kwamfutar ofis ta samu intanet, wayata ta kama wayfay ɗin malamai. Na sa ya kunna tabulet ɗin ya buɗe manhajar. Murabba'i shida, duka baƙi.

Sai na rubuta umarnin adanawa, da yatsana, ina karanta kowane harafi. Akwatin ya amsa. Ban yarda ba. Na miƙa hannu na zare fulogin daga bango, na ƙirga goma, na mayar. Minti biyun da ya yi yana tashi sun fi min wata huɗun tsawo. Na sake tambayarsa ɗakuna nawa. Goma, ashirin, talatin, casa'in da tara.

"Kai ma zare naka," na ce.

"Na adana fa."

"Zare."

Ina canza kalmar sirrin kyamarorin na fara jin wani sauti daga ƙasa. Ƙwas. Shiru. Ƙwas. Sannan nishi, da "ya Rabbi" mai tsawo. Sannan muryar Hazim: "Mama, don girman Allah ki tsaya in ɗauke ki!"

"Sakar min hannu, ɗan banza, ni na haife ka ba kai ka haife ni ba!"

Kusan minti ashirin ta yi tana hawowa. Ta iso da baƙar rigarta ta fita unguwa, gumi ya jiƙa mayafinta, sanda a hannu ɗaya, tabulet a cikin leda a ɗaya hannun. Na jawo mata kujerar ofis na kawo ruwa. Ta sha, ta zuba ido tana kallon ɗakin: jan doki, akwatin kayan wasa, 'yan katifun barci a jere.

"Ashe ƙarami ne," ta ce. "A allo ya fi girma." Sannan ta juyo. "Ke kika kashe min yarana?"

"Ni ce, Hajja. Ba naki ba ne. Ba nawa ba ne ma."

"Da farko na ɗauka shi ya sa min, don in rage zaman shiru. Daga baya na gane ba haka ba ne, shi ya sa nake tura shi ƙarƙashin matashi in na ji tafiyarsa. Ba zan yi miki ƙarya ba da furfurata." Ta goge fuska da gefen mayafi. "'Yata, a zamaninmu uwa ce ke zuwa ganin yarinya. Ta rungume ta don ta ji ƙamshinta, ta ɗan ja gashinta ta ga ko nata ne, ta miƙa mata abu mai ɓawo ta fasa da haƙori. Haka surukata ta yi min, har kitsona ta warware. Ni gwiwa ta hana ni hawa uku. Sai ga ki a tafin hannuna."

"Hajja..."

"Bari in gama. Na ga ranar da yaron nan mai kunnuwa ya yi zazzaɓi, awa biyu kina zagaye da shi a kafaɗa. Na ga kina ba 'yarki abinci a ƙarshe, bayan 'ya'yan mutane. Na ga kina kuka a ofis ranar wata Talata, kika wanke fuska kika fito kina tafa musu. Ni na ce masa, in ka bari wannan ta wuce ka, kada ka zo jana'izata. Kuma kina da faɗa, wannan ma na gani."

Idona ya cika. Wa zai ji wannan bai ji wani abu ba? Tsohuwa ce da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata suna Iskandariyya, yini take tana kallon bango da fanka. Amma na durƙusa a gabanta na ce, "Kin ga fuskar Mis Duha."

"Ni mace ce."

"Ta tambaye ni wa zai gani, na ce ni kaɗai. Ban ce ni da wata mace ba. Iyayen yaran ma haka. Dole in gaya musu."

Sandar ta zame daga hannunta. "Za ki tona min asiri a unguwar da na yi shekara arba'in? An gyara fa! Ba ga shi ya yi baƙi ba? Wa zai sani?"

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Mama ce, kamar an gaya mata. Saƙon murya, na san abin da ke ciki, ban buɗe ba.

Hazim ya yi magana daga bakin ƙofa. "Ki rubuta sunana, Rihab. Ki ce injiniyan da ya haɗa bai adana aikinsa ba. Gaskiya ce."

"Rabin kwastomominka mazajen matan nan ne."

"Na sani."

"Kuma rabin gaskiya ce. Sai na ce an kalla."

Ana jin mai gas yana buga tukunyarsa a titi. Hajja ta daɗe tana kallon 'yan takalman da ke jere, sannan ta ja tsaki.

"In kika ce wata tsohuwa a gidan, tsofaffi nawa ne a gidan? Rubuta Insaf. Da alif, kada ki ɓata min suna. Gobe Lahadi ki tara su, zan hawo in faɗa da bakina. In gwiwar ta kashe ni a hanya ku binne ni a hawa na biyu, wurin likitan haƙori, dama bai taɓa gyara min famfo ba."

Duha na fara kira, don ita ta fi kowa haƙƙi. Na gaya mata komai ban rage ba. Sannan ta ce, "Namiji ya gani?" Na ce littafin na'ura ya nuna tabulet ɗaya, mai shi ta rantse ita kaɗai, ni kuma na yarda da ita, amma ba zan sake ce miki na tabbata da abin da ban gani da idona ba. Ta ce, "Zan yi tunani, Mis Rihab." Ta kashe.

Sannan na rubuta wa zauren iyaye. Abin da ya faru, tun yaushe, wa ya gani, me aka gyara, da cewa laifin farko nawa ne da ban duba ba. Na ce duk wadda take so ta zo gobe da wanda ta yarda da shi ya binciki akwatin. Yatsana ya yi minti guda a kan alamar turawa. Hajja ta ce, "Tura mana, ko sai na mutu?" Na tura.

Zuwa la'asar mutum biyu sun ce ba za su ƙara kawo 'ya'yansu ba. Ɗaya ta turo saƙon murya na minti shida, na saurara har ƙarshe, ba inda ta yi ƙarya. Uwar yaron nan mai kunnuwa ta rubuta, "Gobe da bakwai yana hannunki." Sauran sun karanta sun yi shiru, shirun nan ne ke cina. Mama ta ajiye min abinci a rufe ta shige ɗaki, tun ɗazu da Rudaina take aiko min magana: "Ki gaya wa uwarki ta kyauta."

Hazim ya turo layi ɗaya: "Alhamis tana nan?"

Na rubuta, na goge, na sake rubutawa. A ƙarshe na ce, "Ka tambaye ni bayan Lahadi." Ban san yara nawa za su hawo matattakalar nan gobe ba. Ban san ko zan ga niƙabin Duha a ƙusarsa ba. Zuciyata ta san amsar da take so ta ba shi, amma wannan karon ba zan ɗora wa mutane magana a kan abin da ban gwada ba.

Rudaina ta sake tambayata ɗazu ko Teta Insaf aljana ce. Na ce a'a, mutum ce, ta leƙa inda bai kamata ba, gobe za ta ba da haƙuri. Ta ce, "Manya ma suna ba da haƙuri?" Na ce gobe za ki gani.

Ke da kike karanta wannan, in kina da shago, ko asibiti, ko ɗakin da ake ajiye miki 'ya'yan mutane, kuma akwai kyamara a bangonki, ki saurare ni. Kada ki ce wa kowa "ni kaɗai nake gani" don wani ya ce miki ya gina katanga, ko da mutumin kirki ne, ko da shi za ki aura. Ki sa ya adana a gabanki. Ki zare fulogin da hannunki, ki mayar, ki duba ko katangar ta tashi tare da wutar. Sannan ki sauka ƙasa, ki karɓi wayar maƙwabciyarki, ki nemi ɗakinki a ciki. In ba ki yi wannan ba, kada ki dafa ƙirji a gaban uwar kowa.